Hondar Baba: in ɗora mata injin China ko in tayar da nata?

ɗanBirni:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san ƙarfe. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya rasu bara bayan babbar salla. Cikin abin da ya bari akwai Honda CG125 ja, wadda ya sayo a Kano a 1979 lokacin yana koyarwa a ƙauyukan Magarya. Rabonta da titi tun 2003. Da idonsa ya fara rauni sai ya jingine ta a ɗakin da muke zuba dusa da harawa, can ƙuryar gidanmu a unguwar Birni ta Damagaram, ya rufa mata tsohuwar tabarma. Ranar Juma'a ni da ƙanena muka turo ta tsakar gida. Tayoyin sun tsattsage kamar ƙasan tafki da rani. Zanzaro ya yi gini a bakin eshapma, wato bututun hayaƙi, har da cikin akwatin iska. Ɓera ya cinye soson kujera da rabin wayoyin. Da na buɗe tanki, esansin da ya rage ya koma wani ja mai danƙo, warinsa kamar na tsohon fenti. Na taka kik, ko gezau.

Na nuna wa wani mai gyara hotonta, ya ce kada in wahalar da kaina, a sauke injin a ɗora sabo na China, kwana 2 in hau abina. Masu sayen tsohon ƙarfe kuma sun taya jika 35. Ko ɗaya zuciyata ba ta kwanta da shi ba. So nake in gyara ta da hannuna a zauren gida, kullum in na taso daga aiki, ko da za ta ci mini shekara. To injin da ya yi sama da shekara 20 a daskare yana tashi kuwa? Ko in bi maganar mai gyaran?

KabuKabu_Dole:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Yaya, ni dai ka bi maganar mai gyara. A kan moto nake wuni tun asuba, na san abin da nake faɗa. Injin Chinan nan ai na CG aka kwaikwaya, kusoshin ma kusan wuri ɗaya suke zama. Ka samu sitata, ka samu fitila mai haske, kuma ko a Tanut ka lalace akwai kayansa a tebur. Tsohon kuwa, in bobin da ke ba da wutar tartsatsi ta ƙone maka a hanyar Gure sai dai a ɗoro ku a amalanke.

MaiGareji_Zango:
Kai yaro, wa ya gaya maka injin da ya daskare matacce ne? Shekarata 34 da kile a hannu, na tayar da wanda ya fi wannan daɗewa.

ɗanBirni, abu na farko ka janye ƙafarka daga kik ɗin nan. Kowace takawa da ƙarfi, ko ka karya sagma, wato zobban pisto, ko ka ci haƙorin giyar kik, kuma haƙorin asali ya fi pisto wuyar samu. Ka kwance buji, wato fulogi, ka tsiyaya gazuwal, man dizal, ta ramin har ya cika, ka toshe da tsumma. Kullum da safe ka duba, in ya sauka ka ƙara. Saukarsa alama ce mai kyau, yana ratsa sagma ke nan. Ka ba shi mako guda cur. Bayan nan ka buɗe murfin hagu, ka kama notin magneto, faifan nan mai juyawa da inji yana samar da wuta, da kile, ka riƙa lallaɓawa gaba kaɗan baya kaɗan, kamar mai girgiza haƙorin yaro. Ko ka sa ta a giyar ƙarshe, ku riƙa tura ta gaba da baya a hankali kai da ƙanenka. In ta ƙi har mako 2, sai a cire kulas, wato kan injin, a ɗora guntun itace a kan pisto a riƙa bugu sama-sama. Itace na ce, ba ƙarfe ba.

Mu a Damagaram Allah ya rufa mana asiri da bushewar iska. Da a Kwatano ko Legas aka ajiye ta, da tuni tsatsa ta gama da ita. Yawanci a nan tsohon mai ne ke bushewa ya liƙe sagma. Tambaya ɗaya: ɗakin yana yoyo da damina?

ɗanBirni:
Na gode Baba Mai Gareji. Wallahi har sau 5 na taka kafin in haƙura, Allah ya sa ban yi ɓarna ba. Ɗakin soro ne, akwai wata kusurwa da take zuba, amma ba ta wajen da Hondar take ba. Yau da la'asar zan zuba gazuwal ɗin.

TsohonMushe:
Allahu akbar. Ɗana, ka tayar mini da tsohon tunani. Ban san ko na san mahaifinka ba, amma duk wanda ya koyar a ƙasar Magarya zamanin mulkin Kunce, hanya ɗaya muka sha. Galibinmu keke muke da shi, mai ɗan hali yana da mobilet, 'yan kasuwa kuma Vespa suke yayi. Mushe, wato malamin makaranta, da ya sayi CG kuwa, shi ne motar asibitin gari, shi ne mai kai wasiƙa, shi ne mai ɗauko albashin abokan aiki in wata ya mutu. An sha ƙwanƙwasa wa irinsu ƙofa da tsakar dare saboda mai naƙuda ko wanda maciji ya sara. Mobilet ba ta iya rairayin nan na kudu, sai ka sauka ka tura. CG ce ke ratsa shi da mutum 2 da buhun gero.

Abin da ya raba mutane da ita ba lalacewa ba ce. Karyewar sefa ce a Janairun 1994, aka wayi gari kayan waje sun ninka kuɗi. Wanda bai saya kafin nan ba ya haƙura, daga baya na China suka cika gari da araha. Ni ban san aikin inji ba, amma in ka cire mata nata ka sa wani, muryar ba za ta zama ɗaya ba. Mu daga nesa muke gane wanda ke tafe da jin ƙarar babur ɗinsa.

Injiniya_SabonGari:
Bari in ƙara a kan maganar Mushe, don akwai dalilin da ya sa take jure wahala. Honda ta fito da CG125 a 1975 ne musamman saboda ƙasashe irin namu. Ma'aikatanta sun zagaya ƙasashen kudu maso gabashin Asiya, suka tarar mutane na ɗora iyali da kaya a kan babur, ba sa canza baƙin mai a kan lokaci, sai abu ya tsaya ake zuwa gareji. Injinan da suke sayarwa a da, sandar da ke buɗe subab, ƙofofin shigar mai da fitar hayaƙi, a can sama take cikin kulas, da zarar mai ya yi datti sai ta cinye mazauninta. Shi ne suka sauko da ita ƙasa kusa da mai, aka sa 'yan sanduna 2 masu tura subab daga nan. Matatar iska kuma soso ce, a wanke a shafa mai a mayar. Faɗin silinda milimita 56.5, tafiyar pisto 49.5, jimla cc 124.

Don haka ɗan kabu-kabu bai yi ƙarya ba, na China tsarin nan suka ɗauka. Amma wannan hujja ce ta a gyara, ba ta a zubar ba. Tunda kwaikwayonsa aka yi, juwan, wato gasket, da sagma da sarƙa da faifan kuloci da yawa za su shiga tsohon. Me zai sa a jefar da uwa don an samu 'ya?

Bakano_Fagge:
Sannunku mutanen Damagaram. Ni a Kano nake sana'ar kayan babur, kuma abokan cinikina da yawa naku ne. Oga ɗanBirni, shawara 3. Ta farko, kada ka aiko saƙo da baki. Ku ce buji mu ce fulogi, ku ce sagma mu ce ringi, ku ce subab mu ce bawul, ku ce bis platin mu ce kwantak, abin nan mai buɗewa da rufewa ya ba da tartsatsi. An sha aiko yaro da suna, ya koma da abin da ba shi ba, kuɗin mota ya tafi a banza. Ka ƙunso tsohon a leda a gwada da ido.

Ta biyu, Injiniya ya ce kaya da yawa za su shiga, haka ne, amma ba duka ba. Fil ɗin pisto na tsohuwar CG milimita 15 ne, a na China akwai mai 15 akwai mai 13. Kada ka sayi pisto sai mai tur, wato mai injin yankan ƙarfe, ya auna silindarka, don in ta ci sai an faɗaɗa ta, kuma akwai pisto mai ƙarin faɗin milimita 0.25, 0.50, 0.75 har 1.00. Pisto ake fara saye a kai masa ya yanka daidai da shi.

Ta uku, kwali ba shaida ba ne. Kowa na iya buga sunan Japan a kwali. In tsohon na asali kake so, irin murfin gefe ko agogo ko fitilar baya, sai an shiga Ƙofar Ruwa an tona da haƙuri.

Malamin_Zaure:
Assalamu alaikum. Ku yi mini afuwa in katse zancen ƙarfe. Malam ɗanBirni, na ji ka ce "cikin abin da ya bari". An raba gadon? In ba a raba ba, babur ɗin ba naka ba ne kai kaɗai. Bayan an fitar da hidimar jana'iza da bashi da wasiyya, duk abin da ya rage na magada ne, har allura. Matan mamaci na da tumuninsu a ciki. Kafin ka kashe ko dala, a kira mutum 2 da suka san farashi su yi masa ƙima yadda yake yanzu a lalace. Sai ka biya 'yan uwa rabonsu, ko su yafe maka da bakinsu a gaban shaidu. Na ga gidan da aka bar irin wannan, mutum ya zuba kuɗinsa abu ya yi kyau, sannan aka taso da maganar rabo, zumunci ya ɓaci.

ɗanBirni:
Allah ya saka da alheri Malam. An raba gida da gona da dabbobi, amma wallahi babu wanda ya tuna da Hondar, don kowa kallon bola yake mata. Mu 7 ne, ga Inna da abokiyar zamanta. Zan tara su ranar Juma'a in sha Allah.

YayarBirni:
Ƙanena, ashe nan ka kawo maganar. To ni a gaban jama'a na yafe maka rabona duniya da lahira, amma da sharaɗi ɗaya. Akwai lotsawa a tanki ta hannun dama, kusa da inda gwiwa ke zama. Kada ka bari a buge ta, kada a cike ta da mastik. Ranar da Baba zai kai ni jarrabawar satifika aka yi ta. Mun makara, ga rairayi, sai jakin wani mai itace ya yanko mana hanya. Muka zube, tankin ya daki kututture. Baba ko duba ƙafarsa bai yi ba, ya karkaɗe mini zane, ya tsinto fensirina da gwam a cikin ƙasa, ya busa musu iska ya miƙo mini, ya tayar da babur muka wuce. Sai da na fito da azahar na ga jini ya bushe a ƙafar wandonsa, yana zaune a gindin bedi yana jirana. Ka fenta duk inda kake so, wannan wurin ka bar mini shi.

TsohonMushe:
Allah ya jiƙansa, ya sa aljanna makoma. 'Yata, kin sa ni hawaye.

Malamin_Zaure:
Hajiya, Allah ya ba ki lada, yafewarki ta inganta tunda ke baliga ce mai hankali. Sai dai in cikin 7 ɗin akwai wanda bai balaga ba, babu mai ikon yafe nasa, ko uwarsa. A ƙimanta, a ware masa kuɗinsa a ajiye.

ɗanGure:
Ni fa ra'ayina daban, kuma ba don raini ba. Ku lissafa: taya 2, fenti, pisto, aikin tur, wayoyi, kujera, zirga-zirgar Kano. Kafin a gama an doshi kuɗin sabon moto. Mamaci ba ya amfana da jan fenti. Da za a sayar, a haɗa da kuɗin gyaran a yi masa sadaka mai gudana, ko randa ce a girke a ƙofar gida ana cika ta kullum, a garin da kowa ya san wahalar ruwansa, da ya fi masa. Ƙarfe ƙarfe ne.

Malamin_Zaure:
Maganar sadaka gaskiya ce ɗanGure, amma ɗaya ba ta hana ɗaya. Mutum na da ikon kashe halalinsa a abin da ba saɓo ba. Kuma sada zumunci da abokan mahaifi bayan rasuwarsa yana cikin biyayya. In ya tayar da ita ya je Magarya ya gaida waɗanda suka rage cikin abokan aikin Baba, ai bai yi asara ba.

ɗanGure:
A motar haya ma ana zuwa Magarya, Malam. Amma na ji, dukiyarsa ce.

Uwargida_Mirya:
Ku bar ni in sa baki a maganar tanki, don na ga ba wanda ya taɓa ta. Maigidana ya taɓa wanke na injin ban-ruwan lambunmu da tsamiya. Ni na jiƙa masa ita da ruwan ɗumi, mai kauri fiye da ta kunu, na tace. Ya cika tankin ya bar shi kwana 3 a rana yana girgizawa safe da yamma. Ruwan da ya fito baƙi ƙirin, cikin kuwa ya yi fari. Da ita muke goge tsofaffin tasoshin tagulla tun kakanni. In za ka zo kasuwar Lahadi ka saya a nan, ba ta da tsada.

MaiGareji_Zango:
Hajiya ta faɗi daidai, tsami na cin tsatsa. Amma danƙon tsohon esansi ba ya jin tsamiya, sai ka fara narkar da shi da diluwan, ruwan tsinka fenti, ko sabon esansi. Ka cire robine, famfon mai na ƙasan tanki, tukuna ka toshe ramin. Wajen girgizawa kada ka zuba tsakuwa, tana maƙalewa a lungu. Guntun tsohuwar sarƙa ya fi, ko notina, ka ƙirga su wajen shiga ka ƙirga wajen fita. In ka zubar da ruwan tsamiyar, ka ɗauraye da ruwan kanwa don ya kashe tsamin, in ba haka ba kafin la'asar sabuwar tsatsa ta fito. Ka shanya a rana tsaka, da ya bushe ka zagaya cikin da ɗan gazuwal.

Sannan ka ji wannan da kyau. In ka ga huda, kada ka kai wa mai walda tankin da ba a wanke an cika da ruwa ba. Ina tsaye da idona tankin da ya shekara babu mai ya tashi a hannun wani yaro ɗan koyo, murfin ya huda rumfar kwano, fuskarsa har yau da tabo. Tururin da ke ciki ne ke kamawa, ba ruwan man ba.

KabuKabu_Dole:
Baba, duk wannan wahalar fa tanki kaɗai ake magana. A kasuwar Dole akwai sabon tankin CG har da zanensa.

YayarBirni:
Sabon yana da lotsawar Babana?

KabuKabu_Dole:
A'a Hajiya, ki gafarce ni. A bar tankin. Amma maganar inji ina nan a kan bakana.

ɗanBirni:
Jama'a, albishirinku. Yau kwana 9 da zuba gazuwal. Jiya bayan isha'i na zauna a zaure da fitilar waya a baki, na kama notin magneto kamar yadda Baba Mai Gareji ya ce. Gaba kaɗan, baya kaɗan, na fi minti 20 ba labari. Har na fara tattara kile, na ce bari in ƙara sau ɗaya. Sai na ji ƙas, ƙaramar ƙara kamar an taka busasshen kara. Na sake juyawa, sai ga gazuwal ja ya yi tsartuwa ta ramin buji ya wanke wa ɗana gaban riga, yana tsugune yana riƙe mini kwanon kusoshi. Yaron ya ruga cikin gida yana ihu wai moton Kaka ya yi numfashi. Inna ta fito da carbinta ta tsaya a bakin zaure, ba ta ce komai ba, ta daɗe tana kallo.

Maganar gado kuma an yi. Mutum 2 sun ƙimanta ta jika 50. Kowa ya yafe, ban da autanmu mai shekara 13, na ware nasa na damƙa wa kawunmu.

Yanzu matsalata kusoshin murfin dama. Na cinye kan guda 2 da turnubis, sun ƙi motsi.

Injiniya_SabonGari:
Barka da arziki. Dakata da turnubis ɗin nan. Kusoshin Japan na wancan zamani kama suke da na gicciye da muka saba, amma yankansu daban ne, wasu za ka ga ɗan ɗigo a kansu. Turnubis na kasuwa ba ya zama daram, zamewa yake ya cinye kan. Ka aro irin wanda ake bugawa da guduma yana juyawa da kansa. Waɗanda ka riga ka cinye, a tsaga kansu da zarto a kwance da mai faɗin baki.

In murfin ya buɗu za ka ga wani ɗan gwangwani a kan sandar inji. Matatar mai ce, juyawa take tana wurga datti gefe. Mutane da yawa ba su san da ita ba, sai rariyar ƙasa kaɗai suke wankewa. Ka buɗe za ka tarar da baƙin laka ya daskare kamar kwalta, ka kankare shi tas. Notin cikinta mai tsagi 4 ne, yana da kile nasa, kada a sa masa kurfi da guduma.

MaiGareji_Zango:
Alhamdu lillahi. Ɗana, kile ɗin yana wurina da turnubis na bugu, ka aiko yaron ya karɓa. Amma kada murna ta sa ka zuba esansi ka tayar. Ta motsa ba ta warke ba. Sai an cire kulas da silinda an ga sagma, an wasa subab, an canza duk wata roba, don zafin garin nan ba ya barin roba ta shekara 20. Karburato ka jiƙa shi, ka busa ramukan da iska, kada ka zura musu allura ka faɗaɗa su. In an zo haɗawa, tazarar subab milimita 0.08 ce inji na sanyi, a kan alamar T ta jikin magneto. Bis platin 0.3 zuwa 0.4, ya fara buɗewa daidai alamar F. Mu da takardar sigari muke ganewa, a saƙala ta a tsakani ana juyawa, inda ta suɓuce nan ne. Buji D8EA. Baƙin mai kusan lita 1, na babur, don kulocinta cikin mai yake wanka.

KabuKabu_Dole:
To na sallama a bar injin. Amma don Allah Yaya ka cire bis platin ɗin nan ka sa CDI, akwatin tartsatsi na zamani, da batir mai bolt 12. Ina za ka samu batir mai 6 irin nata da ƙwan fitilarsa yanzu? Fitilar da kamar aci-bal-bal take. Ka bi hanyar Mirya da dare ga shanu ga manyan motoci, rai ake magana.

Injiniya_SabonGari:
Nan kam ina bayan ɗan kabu-kabu rabi. Tartsatsin tsohuwar daga magneto yake zuwa, ko ba batir za ta tashi, don haka bis platin ba shi ne matsala ba. Hasken ne abin dubawa. Amma ba kowane magneton China ke zama a kan sandar tsohon inji ba, sai an gwada.

MaiGareji_Zango:
Bis platin in ya ƙi a daji, da guntun sampepa ka goge shi ka iso gida. CDI in ya mutu ya mutu. Batir mai 6 yana wuya, ban musa ba, amma ana samu in an sa cigiya. Ni dai a tayar da ita yadda aka ƙera ta tukuna. In daga baya ya ga zai riƙa tafiyar dare, ya canza, ya adana tsofaffin a kwali. Duk abin da za a iya mayarwa ba ɓarna ba ne. Yanka shasi ko huda shi ne ban yarda da shi ba.

Baduku_Birni:
Maƙwabci, in ka zo kan kujera ka kawo mini farantin ƙarfen. Zan yanka sabon soso in rufe da jar fatar akuya irin tamu, da ɗinkin hannu. Ba sai an je Kano ba, aikin fata gadonmu ne a garin nan.

TsohonMushe:
Aikinku ba na biyu ba ne Malam Baduku, amma ta asali baƙar leda ce mai layi-layi. Fata kuma rana da gumi na cinye ta. Mu a da buzu muke ɗaurawa a kai saboda zafi. Ko ka yi masa baƙar, sannan ka ɗinka rigar fata da za a riƙa ɗorawa ranar salla.

Baduku_Birni:
Hakan ma ya yi, Baba. Duka biyun zan iya.

TsohonJandarma:
Kowa na ta inji, ba wanda ya tambayi takardu. Ka nemo kart giriz ɗin marigayi, wato takardar rajistar babur ɗin. In za ka kankare shasi don fenti, ka rufe lambar da ke wuyan babur, kada sampepa ko injin gurza ya taɓa ta, ita ake dubawa a gwada da takarda. Lambar da aka gurza, ko da kuskure ne, zargi take jawowa. Ka kuma mayar da takardun sunanka da shaidar rabon gado, ka yi asurans kafin ka fita titi.

ɗanBirni:
Na gode ranka ya daɗe. Takardun suna cikin akwatin ƙarfen Baba, a naɗe cikin leda tare da na duwan, har da wani ɗan kaye da yake rubuta ranar da ya canza mai da kilomita. Rubutu na ƙarshe watan Maris 2003 ne.

Mun cire silinda jiya a zaure, Baba Mai Gareji ya zo da kansa bayan magariba, Allah ya biya shi. Sagma ɗaya a karye take gida 2, ban sani ba ko takawata ce ko tun da can. Akwai zane a jikin silindar da farce ke kamawa. Mai tur ya auna ya ce 0.25 ba zai share shi ba, sai 0.50. Tankin yana rana da tsamiyar Mirya, yau kwana 2. Maganar CDI ban yanke ba tukuna.

Oga Bakano, pisto 0.50 mai fil 15 da sagmansa, juwan cikakke, da bis platin in da hali. Ta yaya zan aiko da tsofaffin?

ɗanGure:
Har yanzu ina ganin kuɗin ya yi yawa. Amma ka rubuta duk abin da ka kashe a kayen nan na Baba, daga inda ya tsaya.

Bakano_Fagge:
Ka naɗe piston da fil ɗinsa da bis platin a tsumma, ka sa a gwangwanin madara, ka ba direban da ke bin hanyar Matamaye da Daura. Ka turo mini lambar motar ta akwatin sirri. Pisto da juwan akwai su a ƙasa. Bis platin ne sai na zagaya, ka ba ni zuwa Laraba. Ka haɗo da robar da ke tsakanin karburato da akwatin iska, ko ta tsage, don ita ma kala 2 ce.